Kwalin da Abdulmumin Bai Tambayi Cikinsa Ba

A layin 'yan kago, wato masu aika kaya, na unguwar Deira a Dubai, idan ka ce Abdulmumin Sharfuddeen kake nema, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Buɗe-mu-gani, ko Ba'indiyen da ke sayar da shayi a bakin kwana zai ɗaga ludayinsa ya nuna maka shagon. Ɗan shago ne mai faɗin tabarma uku, da sikeli a bakin ƙofa, kwalaye jibge har rufi. A cikinsu za ka hango wani ɗan gajeren mutum mai furfura a gemu kaɗai, da 'yar wuƙar yanka salatif ruwan ɗorawa rataye da igiya a wuyansa kamar laya.

Haifaffen Fagge ne, ɗan gidan teloli. Ya zo Dubai a shekarar 2006 da niyyar rakiyar wani ɗan kasuwa ta sati biyu, ya riƙe masa jaka. Ɗan kasuwar ya koma Kano, mai riƙon jaka kuwa har yau bai gama sati biyunsa ba. Ya yi shekara huɗu a unguwar Satwa, ɗaki ɗaya su takwas, shi ne a gadon sama, inda fanka take aske masa gashi kyauta in ya yi saurin tashi. Daga ɗaure kwali a shagon wani ya koma awo, daga awo ya koma cike takardu, har Allah ya ba shi lasisin kansa, ya kawo matarsa Ramlat da 'ya'yansu uku.

Laƙabin nasa yana da asali. A ɗakin nan na Satwa akwai Ɗanladi, mai gadon ƙasa, mutumin kirki wanda bai iya cewa a'a ba. Wani ya ba shi kwali ya ce takalman yara ne, ya sa hannu a takarda bai buɗe ba. Takalman suna nan a sama kam, amma ƙasansu ƙwayoyi ne. Ɗanladi ya sha zaman kurkuku, daga can aka wuce da shi filin jirgi, ko ƙarfen gugarsa bai dawo ya ɗauka ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Washegari Abdulmumin ya sayi wuƙar nan.

Tun daga ranar babu kwalin da ya hau sikelinsa bai ga cikinsa ba. Ya buɗe na manyan hajiyoyi masu gwal har gwiwar hannu, suna ta "kai Alhaji, kayan mata ne fa", yana cewa "Hajiya, ai ni ma mata suka haife ni." Ya buɗe na limamin da yake bi salla. In kuma mutum yana so ya sayi kaya a Sin ko Turkiyya ko Amurka, a turo shagon a haɗa masa da kayan Kano, to ba zai ga adireshi ba sai ya turo hoton kayan da rasiɗi. Masu fushi sukan yi fushi su tafi, bayan wata biyu su dawo, domin kayan Buɗe-mu-gani ba sa kwana a hannun kwastan.

Mutum ɗaya ne a duniya wuƙar nan ba ta san kwalinsa ba: surukinsa, Alhaji Labaran, mahaifin Ramlat, manomi a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Riruwai.

Shekara goma sha bakwai da aure, Abdulmumin bai taɓa cin ko gyaɗa a gaban tsohon nan ba. In ya je gaisuwa, tun daga gindin dalbejiyar ƙofar gida yake cire takalmi. Sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinsa ba. Akwai wani mai sayen tayoyi da yake zuwa shagon, shi ma Labaran, shekara shida ke nan ana rubuta masa "Mai sunan Baba" a jikin kwalayensa, har masu sauke kaya a Kano sun ɗauka sunan kamfani ne.

Wata Talata bayan azahar, Ramlat ta kira shi ta ce Baba yana son magana da shi. Tsohon bai ja zance ba.

"Malam Abdu, yayanku Hafiz zai aiko min da ɗan saƙo daga Amurka. Na ce ya biyo ta wajenka."

"To, Baba. Allah ya kawo shi lafiya, Baba."

Shi ke nan. Mutumin da ya sa liman ya kwance ƙullin dabino bai ce ko "mene ne" ba. Ya tura wa Yaya Hafiz, wan Ramlat wanda ya shekara ashirin a Houston yana aikin injiniya, cikakken sunansa, da adireshin shago, da lambar katin zamansa. Hoto da rasiɗi ko a ransa bai kawo ba. Wa zai ce wa surukinsa ya kawo rasiɗi?

Ranar Alhamis da safe yana shan kunun gyaɗa, Ramlat ta zo ta tsaya a kansa da waya a hannu.

"Abban Ummu, wai ka san abin da Yaya ya aiko kuwa?"

"Saƙon Baba ne."

"Na ji saƙon Baba ne. Mene ne a ciki?"

"Ramlat, kunun nan zai huce."

Ta ajiye masa wayar a gefen kofi. A zauren hira na waya na 'yan gidansu Yaya Hafiz ya saka bidiyo. Ga shi nan a filin koyon harbi, ya toshe kunnuwa, ya sa hular hana-salla, riƙe da doguwar bindiga. Ya taɓa kunamarta, sai bindigar ta kama zuba kamar keken ɗinkin da aka taka da fushi. A ƙasa ya rubuta: "Irin wannan kunamar na aika wa Baba. Biran Riruwai sun shiga uku." 'Yan'uwa sun bi shi da hotunan tafi da na wuta.

Abdulmumin ya kalla sau biyu. Kunun dai ya huce.

Maƙwabcin shagonsa Moussa ne, mutumin Damagaram, tsohon jandarma da ya koma sayar da wayoyi. Tsakaninsu akwai wasan Kanawa da Damagarawa, kullum sai sun taɓa kafin su gaisa.

"A'a, Bakano ya fito ba dariya," in ji Moussa. "Ko an ce a yi sadaka ne?"

Abdulmumin ya miƙa masa wayar kawai. Moussa ya kalla, ya cire tabarau ya goge, ya sake kallo. Wasa ya gudu daga fuskarsa.

"Mon frère, ɗan'uwana, wannan a ina yake?"

"Yana hanya."

"Hanyar ina?"

Abdulmumin ya nuna ƙasan shagonsa da yatsa.

Moussa ya jawo kujera ya zauna, ya yi masa bayani dalla-dalla. Ba bindiga ba ce, 'yar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba. Ana cire kunamar bindiga a saka ta, sai bindigar da take fitar da harsashi ɗai-ɗai ta koma ɓarin wuta kusan irin na sojoji.

"To ai ba bindiga ba ce ke nan," in ji Abdulmumin, kamar mai neman reshen kamawa.

"Je ka faɗa wa sikana, na'urar binciken kaya, haka. A ƙasar nan makami da duk wani yanki nasa sai da izini. Kana da izinin?"

"Lasisin kago gare ni."

"Voilà, ka gani. Sunan wa ke jikin kwalin?"

Abdulmumin ya ɗaga kai. Idonsa ya sauka kan lasisin da ke rataye a bango cikin gilashi, wanda Ramlat take gogewa duk ranar da ta leƙo shagon. Bizarsa a jikin lasisin take, ta Ramlat da ta yara a jikin tasa. Ummulkhair, babbar 'yarsa, saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare. Sai ya tuna ƙarfen gugar Ɗanladi, wanda ya yi wata shida a kan taga ba mai taɓawa.

Suka duba lambar bin sawun kaya. Kwalin yana ma'ajiyar kamfanin aike a can Amurka, zai hau jirgi ranar Juma'a. Abdulmumin ya kira ofishinsu na nan, wata mata ta gaya masa cikin ladabi cewa wanda ya aika ne kaɗai zai iya dakatar da kaya. Wanda ya aika kuwa barci yake, domin safiyar Dubai daren Houston ce. Haka Abdulmumin ya wuni. Ya auna kwalin wata hajiya sau uku, ya rubuta Kaduna a kan kayan Katsina, har Moussa ya zo ya karɓe alƙalamin ya ce ya zauna.

Ana idar da la'asar ya kira.

"Yaya Hafiz, barka da asuba. An tashi lafiya?"

"Abdul! Ka ga bidiyon? Yaya ka gani?"

"Na gani, Yaya. Shi ne ma na kira. Abin nan ba zai shigo nan ba."

"Haba, kwantar da hankalinka. Wallahi ligal ce, doka ta yarda. A kanti na saya, da rasiɗina."

Daga nan Yaya Hafiz ya buɗe darasi, domin mutum ne mai son a san ya karanta. Ya ce an yi shekaru ana ja-in-ja a kan irin na'urorin nan a Amurka. Hukuma ta ce sun mayar da bindiga mai sarrafa kanta, don haka haramtattu ne. Masu ƙerawa suka ce ko kusa, ai kowane harsashi da nasa motsin kunama, sauri ne kawai. Aka yi ta hawa kotu ana sauka, yau a ƙwace, gobe a mayar. Daga baya gwamnatin tarayya ta sassauta, ko da yake wasu jihohin har yanzu ba su yarda ba.

"Amma a jiharmu ba matsala," ya ƙarasa.

"Yaya, to ai ku ma a can ba ku gama shiryawa a kanta ba. Ni kuma ba a jiharku nake ba, a Deira nake. In ma ta wuce nan, kwastan ɗin Kano fa? Su ma alƙalin Amurka za ka kai musu?"

"Abu kamar mabuɗin kwalba? Na rubuta kayan gyara a takardar, ba wanda zai kula."

Abdulmumin ya runtse ido. Kayan gyara. Takalman yara.

"Don Allah Yaya ka je ka dakatar da shi."

"Ka ga Abdul, Baba ne ya ce in nemo masa kunama mai kyau. Shekara ashirin bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Ba zan je in janye don ka tsorata ba. In Baba ya ce a fasa, a fasa."

Ramlat ta gwada nata. Ta kira mahaifinta, minti biyu ta sake kiran mijinta.

"Ya ce maigidana ya riga ya ce to. Wai in da magana, mai bakin da ya ce to shi zai zo da ita."

"Ki ce masa..."

"Ba abin da zan ce masa. Kai da kake buɗe kayan matan mutane kana ba su amsa? Kira shi, Abban Ummu. Baba ba zaki ba ne, haƙoransa ma saura shida."

Moussa ne shaidar abin da ya biyo baya, kuma ya ba da labarin a layin nan ya fi sau talatin. Ya ce Abdulmumin ya sauke ƙofar shago rabi, ya cire takalmi ya jera su a gefe, ya gyara hula, sannan ya durƙusa a bayan sikeli. Surukin yana Riruwai, tafiyar awa bakwai a jirgi da wuni a mota, kuma kiran ba na bidiyo ba ne.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da rana. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ruwa? Yaya shanu?"

Tsohon yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Abdulmumin ya gaida masara, ya koma kan shanu, ya gaida ƙafar Baba mai ciwo, ya gaida liman da mai unguwa, ya sake komawa kan shanu. Moussa yana nuna masa agogo yana cizon yatsa.

"Malam Abdu," in ji tsohon, "sau uku ke nan kana gaida shanun nan. Su biyu ne, kuma lafiyarsu ƙalau. Me ya faru?"

Gumi ya tsattsafo masa duk da sanyin na'ura. Ya kama wuƙar da ke wuyansa ya riƙe.

"Baba, a gafarce ni. Saƙon nan da Yaya zai aiko... me aka ce masa ya sayo?"

Moussa ya daina nuna agogo, ya kasa kunne.

"Kunama ce," in ji tsohon. "Ta bindigata ce ta karye. Birai sun dame ni a gonar gindin dutse."

"Baba, wace bindigar?"

"Bindiga nawa gare ni? Harba-ka-rugata mana, wadda na gada wajen babana."

Moussa ya toshe bakinsa da hula ya fice waje.

Abdulmumin ya daure ya yi bayani, a hankali, yana saka "Allah ya ƙara maka lafiya" a duk inda numfashi ya ba shi dama. Ya faɗi abin da na'urar take yi. Ya faɗi cewa ko a can inda aka sayo ta wani gari ya yarda wani bai yarda ba, a nan kuwa ba ta shigowa sai da izinin da shi ba shi da shi. Ya faɗi cewa gobe za ta hau jirgi.

"Tsaya," in ji tsohon. "Harsashi nawa ka ce tana fitarwa?"

"Ba ya ƙirguwa, Baba. Kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano."

"Ikon Allah. Ni da nake ɗura wa tawa albarushi ta baki, in danna da sanda? In na harba ɗaya, kafin in sake ɗurawa biran sun je gida sun dawo da 'ya'yansu. A ina zan saka wannan abin? Ni fa ko biri ban taɓa samu ba, ƙarar ce kawai take korarsu. Kuma ma ai maƙerin garin nan ya gyara min tawa tun ran kasuwa. Na manta ban gaya wa Hafizun ba."

Abdulmumin ya saki wuƙar da ke wuyansa. Amma tsohon bai gama ba, muryarsa ta canza.

"Da sunan wa aka aiko?"

"Da nawa, Baba."

"In an kama, wa za a riƙe?"

"Ni ne, Baba."

"Kai da ake ba ni labari ko allura ba ta wuce ka ba ka gani ba? Me ya hana ka tambaye ni tun ran Talata?"

"Baba... nauyi."

"Nauyi." Tsohon ya yi tsaki mai taushi. "Malam Abdu, shekara goma sha bakwai kana cire takalmi a gindin dalbejiya, ina gani, ina kuma jin daɗi. Amma kunyar da za ta kai uban jikokina kurkuku, riƙe abarka, ba na so. Kashe wayar in kira wancan injiniyan."

Ba wanda ya san abin da aka faɗa wa Yaya Hafiz. Ramlat dai ta ce kiran bai kai minti ɗaya ba. Kafin magariba bidiyon ya ɓace daga zauren gida, masu tafi suka bi suka goge tafinsu. Da aka buɗe ofishin kamfanin aike a can, Yaya Hafiz ne na farko a layi. A nan ne ma ya ji cewa fitar da irin wannan kaya daga Amurka shi ma da nasa takardun, kuma "kayan gyara" ba ya cikinsu. Ya yi sati biyu bai ce uffan a zaure ba, abin da 'yan'uwa suka ce ba a taɓa gani ba tun da aka buɗe shi.

Juma'a da safe Abdulmumin ya zo shago tun kafin mai shayi ya hura wuta. Ya buɗe shafin bin sawun kaya, ya kasa kallo, ya miƙa wa Moussa.

"Karanta min."

Moussa ya gyara tabarau, ya ɓata fuska, ya girgiza kai, ya ja dogon numfashi.

"Moussa, don girman Allah."

"An mayar wa mai shi. Khalas." Ya fashe da dariya. "Kai, Bakano da tsoro! Dubi yadda hularka ta jiƙe."

"Allah ya isa tsakanina da Damagaram," in ji Abdulmumin, yana dariya yana share ido da hannun riga.

Ya yi sujada a nan tsakanin kwalaye. Bayan an sauko daga Juma'a bai koma shago ba. Ya je bakin kogi ya hau abra, ɗan kwalekwalen da ke tsallakar da mutane, ya haye, ya dawo, ya sake hayewa, ba tare da yana da abin yi a kowane ɓangare ba. Da ya isa gida ya cinye tuwo kwano biyu, ya tambayi Ummulkhair labarin jarrabawa har ta gaji ta ce, "Abba, lafiya kuwa?"

Bayan wata guda wani kwali ya iso daga Houston. Kafin zuwansa hoto ya zo, rasiɗi ya zo, har da saƙon murya daga Riruwai: "Malam Abdu, na'urar awon hawan jini ce da takalmin sanyi ƙafa biyu. Ka buɗe ka gani. Umarni ne."

A ranar, Ramlat tana shagon, ta zo goge gilashin lasisi. Abdulmumin ya ɗora kwalin a kan sikeli, ya zaro wuƙa, ya tsaya. Ya cire takalmi. Sannan ya tsaga salatif ɗin, ya kawar da kai gefe yana kallon bango, ya tura hannu ciki yana lalube.

"Abban Ummu, ai cewa aka yi ka gani."

"Ina gani."

"Da ƙeya?"

Ya juyo da ido ɗaya, ya leƙa. Na'urar awon jini ce, da takalmi ƙafa biyu. Ya ɗaga takalman, ya duba ƙasansu, ya zura yatsa cikin kowanne har ƙarshe. Ya mayar, ya liƙe kwalin, ya ɗauki alƙalami ya rubuta a jiki da manyan baƙaƙe: Na Baba. An duba.